Alamar da Na Wanke a Jikin Kanya

A ƙauyenmu da ke gabas da Waca akwai tafki, a bakinsa kuma akwai wata kanya. Duk wanda ya ce mini ya ga inuwa irin tata, ƙarya yake, ko da ɗan uwana ne. A reshenta muka ɗaura igiyar lilo. Da damina mukan yi lilo har igiya ta kai mu saman ruwa, mu saki, tsundum! In kanyar ta nuna mu jefo 'ya'yan, mu sha har haƙora su yi ja.

Ba mu yara kaɗai ke da ita ba. Kakana na wajen uba, wanda idonsa ya fara dushewa, can yake yini. Bayan azahar nakan riƙe sandarsa in ja shi, yana ta zolayata.

"Amarya, a hankali, kar ki kashe mijinki kafin ki ci gado."

"Wane gado? Buzu da carbi? Ni ba na auren tsoho."

A gindinta yake dara da abokansa. Ba ya ganin ramukan sosai, da yatsa yake lalube, amma ya cinye su tas yana dariya.

Shekarar da nake wajen goma, Nasara suka ce za su fitar da hanyar mota don kwasar gyaɗa zuwa Magaria. Wata rana wani Bature ya zo a kan doki, da mai ɗauke masa bokitin farar ƙasa. Yana tafe yana nuna itatuwa, ana shafa musu fari. Ya tsaya a gindin kanyarmu, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ya sa aka zagaye ta da fari. Bai ce wa kowa komai ba, mu ma ba mai bakin tambaya.

To, a wurinmu, in mutum ya ga itacen da yake so na turmi ko na azara, sai ya yi masa shaida, kowa ya san an kama shi, sara ya rage. Tsofaffi suka taru suka yi ta salati. Kaka ya shafa farin da tafinsa, ya shinshina.

"Shi ke nan, amarya," ya ce da ni. "Sun kama ta."

Raina ya ɓaci, ni kuwa tun ina ƙarama ba na iya haɗiye fushi. Washegari da rana tsaka, mutane na gona, na ɗauki ƙwarya da soso na tafi. Na yi ta ɗibar ruwan tafki ina dirzawa da yashi, har hannuna ya saɓule. Na bi da laka na shafe wurin. Na dawo gida ina ji da kaina, ban faɗa wa kowa ba.

Bayan kwanaki masu aikin tilas suka iso da gatura, Baba na cikinsu, don an kama sunansa. Mai tsaronsu gardi ne, wato ɗan sandan Nasara mai jar hula da bulala. Suka fara sara. Sai muka ga abin mamaki: duk itacen da ke da fari, kewaye shi suke yi su wuce. Wani dattijo ya yi ƙarfin hali ya tambaya.

"Masu farin Bature ya ce a bari don inuwar matafiya," in ji gardi. "Marasa fari, a kwantar."

Wayyo Allah! Na ruga gida na ɗauko allin kaɗin Inna, na dawo ina goga wa kanya, ina kuka, ina cewa wallahi tana da fari, ni na wanke. Allin ya ƙare ko tafin hannu bai rufe ba. Gardi ya yi dariya har da riƙe ciki.

Kaka ya lalubo hanya shi kaɗai, ya cire hularsa a gaban gardin, yaron da bai kai jikansa na fari ba.

"Ranka ya daɗe, mu duka shaida ne. A jira Baturen ya dawo."

"Baba tsoho, Bature na Magaria. In na bar marar fari, bayana zai sha bulala. Kai, da kai, ku zo nan!"

Cikin waɗanda ya nuna har da Baba. Bai dube ni ba. Ya tofa yawu a tafinsa ya ɗaga gatari. Yini biyu suka yi a kanta, ina tsaye ina kallo, ba abin da na iya. Da ta faɗi, rassanta cikin tafkin suka faɗa, da igiyar lilonmu a jiki.

Ba wanda ya doke ni, kuma da an doke ni da na fi samun sauƙi. Kaka bai taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Sai dai ya daina fita. Abokan dararsa suka koma wata inuwa can bayan gari, ƙafarsa ba ta kai wa.

Wata rana bayan azahar na ɗauko sandarsa kamar yadda na saba, na miƙa masa.

"Tashi mu je, tsohon miji."

Ya karɓa, ya juya ta a hannu, ya jingine ta da bango.

"Mu je ina, amarya?"