Ƙafafun da Na Yi wa Bindigar Yaya Sabi'u

Ranar kasuwar Ɗambatta ce, a daminar da nake aji biyar na firamare, yayana Sabi'u ya sauko daga mota da wani dogon abu naɗe cikin buhu. A zaure ya kwance shi, mu yaran gida muka yi masa zobe. Bindigar iska ce mai gindin katako, da ɗan gwangwani cike da ƙwayoyin dalma. Baba ne ya sa a sayo ta, domin kurege ya addabi gonar gyaɗarmu: a shuka da safe, ya tone kafin la'asar. Kowa ya ɗaga ta ya saita. Da aka zo kaina sai bakinta ya sunkuya ƙasa, yara suka kwashe da dariya. Hannuna na hagu ya shanye tun ina goye, ba ya ɗaukar abin da ya fi moɗa nauyi.

A gidanmu ba a sa ni aiki. In ana fita noma, ni ake bari da tsare shanyar kuɓewa kada kaji su hau. Ba a taɓa yi mini gori ba, amma ba a kuma taɓa aikena ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Don haka kullum na dawo daga makaranta sai in zauna ina kallon bindigar inda take rataye. Na gane zan iya ɗana ta da hannun dama in na dogara gindinta a ƙasa, zan kuma iya jan kunamar. Abin da ya rage shi ne wanda zai riƙe mini gabanta.

Na roƙi Yaya Sabi'u ya riƙa ara mini ita a bayan gida, yana tsaye a kaina, muna harbin gwangwanin madara da muka kife a jikin katanga. Na fara da gwafa guda ta icen darbejiya, irin wadda ake tokare rumfa da ita, sai ta yi ta rangaji hagu da dama. Na gwada karan dawa biyu a giciye, suka karye. Sandunan aduwa sun yi ƙarfi, amma sun yi gajarta, sai na kwanta rubda ciki, a gona kuwa kunya za ta tare mini gani. A ƙarshe na samo gora biyu daga tsohon dannin rumbu, na auna su da haɓata ina zaune, na ɗaure su a giciye da robar tayar keke. In na buɗa su, su yi ƙasa. In na matse, su yi sama. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, in na ɗora ƙarfen bindigar a kansu, harbin sai ya watse, in kuwa na ɗora katakon, sai ya tafi wuri guda. Na tambayi Yaya dalili, ya ce, "Wallahi ban sani ba, kai dai ɗora katakon."

Ran da na fara huda gwangwanin a jere, Inna ta leƙo ta ce, "Kada ku tsone wa ɗan mutane ido." Baba kuwa ya ce in bi Yaya gona mu gani. An yi ruwa a ranar. Na zauna a gindin marke na kafa gorata, kurege ya fito yana kaɗa jela, na ja kunama, dalmar ta tada ƙasa can nesa da shi. Ashe ƙafafun gorar sun nutse cikin danshi ban lura ba. Na tattara gorata na dawo gida.

Kakata Iya Tabawa ce ta gan ni ina jujjuya gorar a bakin murhu. Da na gaya mata, sai ta tura mini tsingaro biyu na fasasshiyar tukunya da ƙafarta, ta ce, "Sa musu takalmi mana." Washegari na ɗora kowace ƙafa a kan tsingaro. Na daɗe ina jira har tururuwa ta hau mini wando. Da kuregen ya tsaya da ƙafafun baya yana gutsurar gyaɗa, na ja kunama, bindigar ba ta motsa ba ko kaɗan. Ya faɗi nan take.

Baba ya ɗaga shi ta jela ya duba, bai yabe ni ba. Sai da muka idar da magariba ya miƙo mini gwangwanin dalma ya ce, "Nafi'u, gobe ka yi sammako, Sabi'u zai je huɗa. Gonar gyaɗa tana hannunka." Inna ta juya baya tana gyara ɗankwali, ta daɗe tana gyarawa.

Yanzu a birni nake zaune, gonar kuma an raba ta gado, an gina gidaje a rabinta. Kwanan baya na ga ƙafafun bindiga na ƙarfe a wani shago a Kano, masu naɗewa, ana ƙara musu tsawo yadda ake so. Na tsuguna na gwada su, sun tsaya cak, babu abin da mutum zai ƙara musu. Mai shago ya tambaye ni ko a ƙunshe mini, na ce a'a. Da na same su ina yaro, da ban san abin da hannu ɗaya yake iya yi ba.