Bencunan Haladu Kafinta

Haladu kafinta mutumin Kafin Marke ne, wani gari a kan hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram, wanda in direba ya yi atishawa sai ya wuce shi bai sani ba. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kullum da fensir a maƙale a kunne, ko da yake ba a taɓa kama shi yana rubuta kalma da shi ba. Layi kawai yake ja a jikin katako. A Birnin Kudu ya koyi sana'a, shekarar da aka sami mulkin kai, wajen wani mai yi wa makaranta tebura. Ya dawo gida da zarto da guduma da wata cuta da babu maganinta a asibiti, wato son wasan kwaikwayo. Ranar da ya kai tebura ya tarar 'yan makaranta suna wasa, ya tsaya a taga ya yi dariya har hularsa ta faɗa kwata. Tun daga ranar abin bai sake shi ba.

Shekara goma sha biyar yana yin ƙofofi da akwatunan amare, yana damun duk wanda ya zauna a rumfarsa da zancen wasa. Da aka gama yaƙin basasa, arzikin mai ya fara ɓulɓula, sai hukuma ta gina wa garin ɗakin taro da wasanni, mai rufin kwano da dandamalin siminti da ƙofa guda. Haladu ya yi bencuna ashirin da huɗu, ya goge su har mutum zai iya duba fuskarsa, ya jera su sahu-sahu yadda aka ce ana yi a Kano. Da aka zo neman mai riƙe makulli ba a sha wahala ba, don makullin yana aljihunsa tun kafin a tambaya.

Ɗakin ya kama aiki. Litinin da Laraba ajin yaƙi da jahilci, inda dattawa ke kokawa da baƙaƙen boko. Wani lokaci malamin gona ya zo, wani lokaci malamar asibiti da hotunan ƙudaje masu girman kaji. Amma ran Asabar bayan la'asar ita ce ranar Haladu, ranar wasa. Ya tara mutum bakwai, shugabansu Ɗanbala mai gyaran keke, wanda a tasha ko gaisuwa ya yi sai wani ya riƙe ciki. Wasan nasu a kan wani manomi ne da aka ba takin zamani, ya ga abin fari tas kamar sukari, ya ce wannan ya fi ƙarfin ƙasa, ya kai ɗakin matarsa ya jera buhunan cikin kwanukan ado.

Ranar farko ɗaki ya cika. Ɗanbala ya fito da tumbin tsumma, ya yi duk abin da Allah ya hore masa. Ba wanda ya yi dariya. Mutane suka zauna kai a sunkuye kamar an zo ta'aziyya, aka tashi, kowa ya yi wa Haladu sannu da aiki da murya ƙasa-ƙasa. Asabar ta biyu haka. Ta uku rabin bencunan babu kowa, Ɗanbala ya cire tumbin ya ce shi fa gara ya koma wa kekunansa, su ko ba komai tayarsu tana yin ƙara.

A wannan Asabar ɗin ne Malam Hambali, jami'in da ke duba irin waɗannan ɗakuna, ya zo daga Kano a Landiroba. Mutum ne mai kirki, amma mai gaggawa. Ya zauna ya kalli wasan, ya kalli jama'a, ya kalli agogonsa. Bayan an watse ya gaya wa Haladu gaskiya: ana neman inda za a ajiye takin zamani na yankin kafin damina, ga kuma ɗaki mai rufin kirki wanda masu shi ba sa so. Zai dawo bayan Asabar huɗu. In ya tarar da wannan zaman makokin, za a fitar da bencuna a shigar da buhuna, yaƙi da jahilci ya koma gindin bishiya.

Haladu ya ce a ransa, taki dai a wasa ya shigo ɗakin nan, kuma a wasa zai tsaya.

Ya fara neman laifin a inda kafinta zai nema. Ya ce ko bencunan ne ke cin mutane, ya yi musu majingina. Ya shafe bango da farar ƙasa. Ya ɗauko mai kalangu daga Fagam. Asabar ta zo, mai kalangu ya yi kiɗa har gumi ya jiƙa rigarsa, jama'a suna kallon yatsun ƙafarsu. Haladu yana tsaye a baya, ransa a dagule, sai ya lura da Sabo mai shayi. Sabo ya cusa hula a baki, kafaɗunsa suna rawa, hawaye na zuba. Can ya miƙe a duƙe ya fice. Haladu ya bi shi, a zatonsa ciwo ne, ya same shi a bayan ɗakin zaune dirshan a ƙasa yana dariya kamar zai shiɗe.

Da ya lafa, Haladu ya tambaye shi me ya hana shi yin wannan a ciki, inda ake bukata.

"Haba Haladu, kamar ba ɗan garin nan ba," in ji Sabo. "Baban Talatu yana benci na biyu, sau biyu yana waiwayowa. So kake in buɗe haƙora talatin da biyu a gaban mutumin da ya ba ni 'yarsa? Shi ma fa dannewa yake, na ga wuyansa ya kumbura. Nasa surukin yana gabansa."

Haladu ya cire fensir daga kunne ya dube shi kamar shi ya yi maganar. Kafin Marke gari ne da kowa ya auri 'yar gidan kowa. Mutum ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ba ya dariya, in ya hango shi a lungu ma sai ya tuna yana da aiki a wani lungun. A tasha Ɗanbala yana samun dariya ne don kowa da rumfar da yake zama. Shi kuwa Haladu ya kwashe surukan gari kaf, ya tura su ta ƙofa guda, ya jera su a fili, sannan ya ce su yi nishaɗi.

Washegari ya tafi wajen gwaggonsa Mero ungozoma, wadda babu auren da aka ɗaura ko aka kwance a garin da ba ta san ranarsa ba. Ya je da faffaɗan katako da ƙusoshi da zare kala biyu. Kowane magidanci ƙusa guda. Mero tana faɗa, yana ɗaure jan zare tsakanin surukai, farin zare tsakanin abokan wasa: taubasai, kakanni da jikoki, Fulani da Barebari. Kwana tara suka yi. Sau uku tana korarsa don ya ce ta yi kuskure, sau uku kuma ita ce da gaskiya. Ya tambaye ta, to ko an raba su, ai murya za ta tsallaka. Ta ce shi dai ya hana ido ganin ido. Suruki in bai ga bakinka a buɗe ba, zai ɗauka dariyar na kusa da kai ce, kai ma in ta ɓaci ka ce tari ka yi.

Daga nan Haladu ya yi abin da har yau ake faɗa. Bai nemi izinin kowa ba, ya ɗauki diga ya fasa bangon hukuma wuri biyu, gabas da yamma, ya kafa ƙofofi. Ya sayo zana ya raba ɗakin gida uku a tsaye, kowane kashi yana kallon dandamali amma ba ya ganin na kusa da shi, ya kuma ware wa mata nasu wurin a baya, shi ma a rabe, don matan 'ya'ya su huta da iyayen mazansu. Dagaci ya aiko a tambaye shi ko lafiya. Ya ce a gaya wa dagaci lafiya lau, shi ƙofar tsakiya zai bi, surukinsa ta yamma. Mutum ɗaya ne ya gagara, Ƙasimu dillali, wanda ya yi aure-aure har jan zarensa ya zagaye katakon kamar saƙar gizo. Shi aka yi masa kujera ta musamman a bayan ƙyaure.

Asabar ɗin alkawari ta zo. Haladu ya tsaya a fili da katakonsa a rungume kamar allo, yana raba mutane: kai gabas, kai yamma, kai jira tukuna surukinka ya shige. Ya zaunar da Buba Bafulatani kafaɗa da kafaɗa da wani Babarbare mai sayar da kanwa, ya sa kowane kaka kusa da jikansa. Malam Hambali ya sauko daga mota, ya ga ramuka biyu a bango, ya leƙa ya ga zana, ya tambaya ko garken awaki aka mai da wurin. Haladu ya roƙe shi ya zauna har a tashi, in ya so bayan nan ya yi hukuncinsa.

Ana shirin farawa sai ga dagaci, tare da wani dattijo da ya gayyato don girmama baƙo. Malam Sada ne, mahaifin Kubra matar Haladu, mutumin da bai taɓa taka ɗakin ba. Aka ba shi kujerar gaba, daidai gefen dandamali inda Haladu ke tsayawa ya ja labule. Haladu ya dubi katakonsa. Ƙusa ɗari da wani abu ya kafa, ya manta da tasa.

Bai tsaya tunani ba. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gai da surukinsa, ya ja da baya da baya har waje. Ya zaga ya zura hannu ta taga ya kamo igiyar labule, ya tsuguna a gindin bango ya ja.

Daga nan ba ya ganin komai sai bango da ƙadangare guda. Ya ji takun Ɗanbala, ya ji shi yana kiran matarsa ta wasa ta zo ta ga sukarin gwamnati. Shiru. Sai ya ji muryar Buba tana cewa Babarbaren nan ma haka zai yi, har ya lasa. Babarbare ya ce ai Bafulatani shanu zai ba su sha. Wani ya yi ƙiƙ daga gabas, yamma ta amsa, sai ɗakin ya fashe gaba ɗaya. Dariyar sati bakwai da aka danne ta fito lokaci guda, har kwanon rufi yana amsawa. Ya ji ta Sabo, ya ji ta Ƙasimu daga bayan ƙyaure, ya ji mata suna tafi. Ya ji wata baƙuwar dariya mai kama da tayar da injin niƙa, ya gane ta Kano ce. Kusa da taga kuma ya ji wata tsohuwar dariya mai haɗe da tari, ya yi sauri ya toshe kunne ɗaya, don bai kamata ya san mai ita ba.

Bayan an tashi Malam Hambali ya zagayo ya same shi, idanunsa jajir. Ya karɓi katakon ya juya shi, aka yi masa bayani, ya daɗe yana bin zaren da yatsa.

"Malam Haladu, ni dai ban ga an fasa bango ba," ya ce. "Tagogi na gani, sun ɗan yi tsawo. Takin kuwa a kai shi tsohon siton gyaɗa."

Saura ƙiris labarin ya ƙare da daɗi zalla. Sai dai wasan ya shiga ran Malam Sada, ya zama ba ya fashin Asabar, kuma ba ya zama ko'ina sai kujerar nan ta gaba. Ɗanbala ya ce a lallaɓa a riƙa shigar da tsohon ta ƙofar gabas. Haladu ya ce ba shi ne zai gaya wa uban Kubra inda zai zauna ba. Ya fito da benci na ashirin da huɗu ya ajiye a gindin taga, ya ƙara wa igiyar labule tsawo.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a kan bencin nan. An yi wasa a kan sa yara makaranta, an yi a kan rijiya, an yi gasar tatsuniya da kiɗan garaya, ajin yaƙi da jahilci ya yaye dattawan da ke sa hannu da kansu, mutumin da ya tsayar da ɗakin bai ga ko ɗaya daga wasannin da idonsa ba. In aka tsokane shi sai ya ce ya fi kowa gani, don daga jin dariyar ya san inda Ɗanbala ya kai, ya kuma san wanda aka zaunar ba daidai ba. Katakon yana rataye a rumfarsa. Duk ranar da aka ɗaura aure a Kafin Marke, kafin a gama raba goro Haladu ya koma ya ɗaura jan zare.