Hannun da Lauya Ya Ƙi Sawa

Mahaifinmu ya rasu ya bar wani ɗan gida a Maraɗi, ɗaki biyu da rijiya, inda suka zauna da Inna a farkon aurensu. Tun ba a yi sadakar arba'in ba na samo mai saye. Ni ne babba a gidan, ni ne kuma mai gaggawa, ko shayi ba na jira ya huce.

Da yake takardar wakilcin sayar da gidan za ta tsallaka iyaka, aka ce dole kowane magaji ya sa hannu a gaban lauya mai hatimin shaida, wanda ake kira notari. Mu 'ya'ya muka je ofishin wani dattijon lauya a Ƙofar Kaura, abokin marigayin, muka sa namu. Saura Inna, ita kuwa tana takaba a Ƙofar Kwaya, ko zaure ba ta leƙawa. Sai na kai mata takardar gida, na kama yatsanta na dangwala, na dawo ina jin na yi dabara.

Lauyan ya daɗe yana duban tawadar.

"Wa ya ga ta dangwala?"

"Ni mana, Alhaji. Ai ka san ta."

"Na san ta. Amma in na sa hannu nan, cewa na yi gabana anka yi."

Raina ya ɓaci, don mai saye ya ba mu mako guda. Na ce to ya manna mana sa hannunsa na kwamfuta. A zatona wannan bai kai na biro nauyi ba. Ya yi murmushi ya ce duka biyun ya yi musu rajista, kuma doka ɗaya ce a kansu: ba mai sawa sai shi, shi ma sai ya ga mutum ya ji ta bakinsa. Sauƙin kawai, yanzu an yarda ya gan ta ta bidiyo.

Washegari da hantsi ƙanwata ta riƙe wa Inna waya a ɗaki, ni ina ofis a gefensa ina duba agogo. Suka gaisa, ya sake yi mata ta'aziyya, ta nuna katin shaidarta. Ya karanta mata takardar da Hausa, layi bayan layi.

"Hajiya, kin yarda a sai da gidan?"

"Yara sun ce in dangwala, na dangwala."

"Ba yara nike tambaya ba."

Sai ta gyara mayafi ta ce, "In don ta ni ce, Alhaji, a bar shi. Ɗiyata ta hwari tana can binne bayan ɗakin. Kwana tara ta yi duniya."

Lauyan bai dube ni ba. Ya tura mini takardar a hankali, gurbin sa hannunsa fari fat. Kunya ta rufe ni, don na tambayi dillali, na tambayi mai saye, ita kaɗai ce ban tambaya ba.

Shekara arba'in da ɗaya ina ɗaukar kaina ɗan fari, har ina yi wa abokaina alfaharin cewa Innata wayayya ce, ba ta kunyar kiran sunana. Ashe akwai sunan da ba ta taɓa kira ba.