Kwabon Cibiya

Ranar Juma'a, takwas ga Agustan 2008, ranar da duk ƙasar Sin ke ɗokin buɗe wasannin Olamfik, da hantsi Alhaji Sani, wani ɗan kasuwa da ya iso daga gida, ya hawo benenmu da ke titin Liuhua Lu yana haki, riƙe da saƙon Inna daga Kano. Inna kakata ce, mahaifiyar Umma. Ita ya kamata ta zo da kanta, don a makon Umma ta haifi ƙanena Abba, amma a shekarar nan biza ta zama sai wane da wane. A cikin jakar akwai kuka da daddawa da yajin jego, sai wani ɗan ƙullin tsumma. Umma ta ture komai gefe ta kwance ƙullin. Kwabo ne na jan ƙarfe, ya yi baƙi, ya siɗe kamar guntun sabulu. Ta manna shi a ƙirjinta, hawaye na zuba, ta ce, "Inna ta zo."

A gidanmu duk jaririn da cibiyarsa ta faɗi, wannan kwabon ake ɗora masa a wurin a ɗaure da ƙyalle, don kada cibi ya fito. An ɗaura wa Umma, an ɗaura mini. Tun ina ƙarama nake ji ana cewa kakar Inna ce ta zo da shi daga Makka, zamanin da ake zuwa hajji a ƙafa. Umma ta sa shi ƙarƙashin matashinta tana jiran cibiyar Abba ta faɗi.

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, ga rawar kai, ga shi na fi kowa a gidan jin Sinanci. Ni ce bakin Umma a kasuwa, don ita in ka cire gaisuwa da "meyo", wato babu, ba ta riƙe komai ba. Hutu muke yi, kullum aikina in wanke tsummokaran jariri in shanya a gorar da ke bakin taga, in kai wa Baba abinci rumfarsa, in ratsa ta cikin kwalayen kaya da masu tura kura, in dawo mu yi ta buga ɗan gashin tsuntsu da ƙafa da 'yan matan benenmu har gumi ya jiƙa mu. Umma kuwa ba ta da kowa a garin sai Hajiya Rabi 'yar Maraɗi, wadda ke zuwa yi mata ruwan wanka.

A ƙasanmu akwai wani tsoho ɗan Sin, malamin makaranta da ya yi ritaya, muna ce masa Yeye, wato kaka. Ba shi da aiki sai tara tsofaffin kuɗi. Ya sha nuna mini nasu masu huda a tsakiya, ni kuma raina ya biya in nuna masa mu ma muna da tsohon abu. Umma na shiga wanka na zare kwabon na sauka. Na ce bari in dirje shi da lemun tsami ya yi haske, ya riƙe hannuna da sauri, ya ce tsohon kuɗi ba tukunya ba ne. Ya kai shi bakin taga yana karkata shi ƙarƙashin gilashinsa mai ƙara girman abu, sannan ya ɗora masa siririyar takarda ya goga fensir a hankali. Ina kallo kan mutum ya fito, mai dogon gashi, yana duban hagu. Ya juya bayan, sai ga fure mai ƙaya da hular sarauta a kansa. Ya ɗauko wani ƙaton littafi ya yi ta buɗawa har ya sami irinsa. A gefe akwai lambobi, ɗaya da shida da bakwai, ta ƙarshen ta goge. Ya ce a Sikotland aka buga shi, arewa da Ingila, kuma ya haura shekara ɗari uku.

Da gudu na hau bene. Umma na zaune tana shan kunun kanwa, Hajiya Rabi na riƙe da Abba. Na daka tsalle na ce, "Umma, ashe ƙarya ce! Ba na Makka ba ne, kan wani sarkin Turawa ne a jiki." Na miƙa mata takardar. Hajiya ta ce, "Ke yarinya, kakar taki ce maƙaryaciya?" Umma ta daɗe tana kallon kan nan mai dogon gashi, sannan ta ce, "Mayar da shi inda kika ɗauko." Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Da cibiyar Abba ta faɗi, ba ta ɗaura masa ba. Ta ce ba za ta ɗaure wa ɗanta hoton kan mutum a ciki ba. Da Inna ta kira, ina tsaye ina jin muryarta ta waya tana tambaya ko an ɗaura. Umma ta juya mini baya ta ce, "An ɗaura, Inna." Ranar na fara jin Umma ta yi ƙarya, kuma ni na jawo. Inna ta rasu kafin mu dawo gida.

Sai da na girma na lura Yeye inda aka buga kwabon kawai ya faɗa mini, bai faɗi inda ya bi ba. Wane irin kuɗin duniya ne ba ya ratsawa ta Makka? Sauran maganar ni na ƙara da bakina, magana kuwa zarar bunu ce.

Yau da waya za ka gane irin wannan kwabon kafin ka ƙifta ido. Abba ya zama saurayi da cibinsa, abokai na yi masa tsiya, likitoci sun ce kwabo ba ya hana komai. Na sani, amma har yau ba na iya taya su dariya. Da na haihu, Umma ta sa mini ƙullin tsumman a hannu, ni kuma na ɗaura wa 'yata a gabanta. In ta girma ta tambaye ni daga ina ya zo, zan ce mata daga wurin Inna.