Rigar da Aka Raba Gadonta Tun Mai Ita Yana Raye

Cikin marka muke, lokacin da rana kan yi kwanaki ba ta leƙo ba, shanya ta ƙi bushewa, ashana ta ƙi kamawa. Damanar bana ta zo mana Kalgo da nauyi. Ruwa ya kwanta a fadama ya ƙi janyewa, katangar maƙwabtanmu ta zube, maigidana kuma ya kamu da wani tari mai tasowa daga can ƙasan ƙirji. Ba a kwance yake ba, yana zuwa gona. Amma tarin nake fara ji daga zaure kafin in ji sallamarsa.

A cikin wannan hali ne ɗiyata ta same ni ina tankaɗe. Ita da ƙawayenta na makaranta suna shirya 'yan wasannin ban dariya su ɗauka da waya, babanta ya yarje mata muddin a cikin gida ne kuma da lulluɓinta. Ta ce in ara mata tsohuwar babbar rigar babanta. Na tambaye ta wane irin wasa ne. Ta ce wani mutum ne ya mutu, matarsa na takaba, dangi kuma suna faɗa a kan kayansa.

Rariyar ta tsaya a hannuna.

Da ta ga haka, sai ta miƙo mini wayar don ta lallashe ni. Wai wani ne ya tattaro tsofaffin hotunan matan da suka fara wasan ban dariya a talabijin a ƙasarmu, kuma a cikinsu akwai wadda ita ɗiyar tawa take kwaikwayo. Hoton ba launi, yana rawa. Tun fuskar ba ta fito sosai ba na gane ta, daga yadda take karkatar da wuya idan za ta yi magana. Matar baffana ce, ƙanen mahaifina. Inna Ƙarama muke ce mata. Ita ta yi mini kitson farko da na iya tunawa.

A Gwandu na tashi, a gida mai sassa uku, Kaka a tsakiya. Inna Ƙarama daga Dodoru aka auro ta, kuma Allah ya yi mata wata baiwa: duk wanda ta gani sau ɗaya, ta ɗauke tafiyarsa da muryarsa. Idan ana daka sai ta ajiye taɓarya ta zama mai tallan nono, ta zama ungozoma, ta zama dillaliya tana rantsuwa a kan zanen da ya koɗe. Uwata kan yi dariya har ta zauna a ƙasa. A wani biki ne wata ma'aikaciyar talabijin ta gan ta tana kwaikwayon uwar miji, ta bi ta har gida. An ce a lokacin matan aure ba sa yarda, har maza ake ɗaura wa zane su fito a matsayin mata.

Baffa manomin albasa ne, mutum mai fara'a, ba ya riƙe magana a ciki. Ya ce in dai ana mayar masa da ita da mutuncinta, ta je ta ba duniya abin da take ba mu. Kaka tana zaune tana ji. Ta ci gaba da kaɗinta.

Talabijin ɗaya ce a unguwarmu, a ƙofar gidan wani malamin asibiti, da batirin mota ake kunna ta. Ranar da ake nuna wasan, da an yi sallar magariba sai wurin ya cika, maza a gaba, mata a baya jikin katanga, mu yara a duk inda muka samu. Har daga Dodoru ake zuwa a kan keke. Ina tuna ƙamshin gyaɗa dafaffiya da dariyar matan nan, wadda suke toshewa da bakin mayafi tana kuɓuce musu. Ba su taɓa ganin mace ta mayar wa miji magana gari ya goyi bayanta ba. Washegari a bakin rijiya kowa da kalmar Inna Ƙarama a bakinta.

Masu wasan ba su da tufafi da yawa, kowa da nasa yake zuwa. Rannan ta ce wa Baffa ana son babbar riga. Ya shiga ɗaki ya ɗauko shuɗiyar rigarsa ta zuwa Juma'a, wadda fitila ta taɓa ƙonawa a gefen aljihu aka yi mata faci. Da hannunsa ya ninke ya ba ta.

Shi ma cikin damina aka nuna wasan. Inna Ƙarama ta fito a mai takaba: kai a tsefe, ido ba kwalli, 'yar wuƙa a hannu irin wadda matanmu ke riƙewa a kwanakin nan. Idan masu gaisuwa suka shigo sai ta rushe da kuka tana kiran maigida, da sun juya baya sai ta zaro ƙosai daga ƙarƙashin mayafi ta jefa a baki. Wurin ya kaure da dariya. Sai aka zo rabon gado, aka ɗaga riga sama, ƙannen mamacin kowa ya kama hannu ɗaya yana ja. Akwatin ba ya nuna launi, amma ya nuna facin nan na gefen aljihu.

Dariyar matan baya ce ta fara tsayawa. Na ji wata tsohuwa a bayana tana salati a hankali. Baffa kuwa yana gaba, ya fi kowa dariya, har ya miƙe ya ce tunda an raba a ba shi kasonsa, shi ma ɗan gidan ne.

Kaka ba ta zuwa kallo, amma labari ya riga mu shiga gida. Ranar Juma'a Baffa ya fito sanye da rigar, da gangan. Tana zaune a bakin ƙofarta ta ce masa ya tuɓe ta.

Ya ce, "Haba tsohuwa, wasa ne fa."

Ta ce, "Na sani. Mutuwar da kuka kira ita ce ba ta san wasa ba."

Ya yi dariya ya fita. A hanyar masallaci taubasansa suka tare shi suna cewa ina kwana mamaci, ya muka ji da haƙurinka, ya aka yi aka sallamo ka tun ba a gama rabo ba. Shi kuma yana amsa musu cewa can babu tuwo ne, shi ya sa ya dawo. Haka aka yi ta yi har kasuwa, har gona. Sunan ya bi shi. Yara ma suka ɗauka, sai an kwaɓe su.

Gero ya fara fitar da kai sa'ad da ya je fadamar Dangoma taya wani amininsa aikin shinkafa. Ya dawo da zazzaɓi. Aka jiƙa saiwa, aka yi tofi, malamin asibitin nan ya yi masa allura. Sai ya ɗan warware, sai ya koma. Gidan ya yi wani irin shiru da ban taɓa ji ba. Aka daina daka da waƙa. Masu tsokanarsa suka riƙa zuwa dubiya suna zama a zaure kai a sunkuye, babu mai haɗa ido da wani. Da idanunsa suka yi ɗorawa aka ɗauke shi zuwa Birnin Kebbi. Bai ga yankan gero ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai. Aka tsefe wa Inna Ƙarama kai, aka ba ta 'yar wuƙa, aka zaunar da ita a kan tabarma. Ɗakin ya cika da mata masu gaisuwa. Ta buɗe baki ta kira shi, kuka na gaskiya, daga ciki. Amma muryar ita ce dai wadda kowa ya sani, har karkatar wuyan. Wata yarinyar mace a bakin ƙofa sai dariya ta kuɓuce mata ta hanci. Ta yi maza ta toshe baki, idonta ya cika da hawayen kunya. Ba mugunta ba ce, jikinta ne ya saba. Na ga wata kuma tana satar kallon ƙarƙashin mayafin.

Inna Ƙarama ta rufe bakinta. Daga ranar ban sake jin kukanta ba, ban kuma sake jin ta ari muryar kowa ba.

Liman ya yi wa'azi cewa ajali a rubuce yake, riga ba ta jawo shi, wasa ba ya jawo shi. Kowa ya ce haka ne. Amma tabarmi suka riƙa matsawa daga kusa da tata. Matan da suka rayu da kalmominta a bakin rijiya, yanzu idan ta wuce sai su tattare wankin mazansu. Ana ta raɗa cewa Kaka za ta kore ta tun kafin ta fita takaba.

Masu talabijin ba su san abin da ya faru ba. Suna maimaita wasanni idan ba su da sabo. Wata magariba muna tsakar gida sai muka ji kukan Inna Ƙarama yana shigowa ta saman katanga, tana kiran maigida, ga ta kuma zaune a gabanmu bakinta a rufe, wuƙa a hannu. Bayan kukan sai dariyar baƙin da ba su sani ba.

Kaka, wadda ta yi shekaru ba ta taka ƙofar gida ba, ta jawo sandarta ta fita. Na bi ta a baya. Ta ratsa maza ta je ta tsaya a gaban akwatin, ta ba shi baya, har mai shi ya cire wayar batirin. Da ta dawo ba ta nufi ɗakinta ba. Ta tsaya a kan Inna Ƙarama, uwata ta miƙe don ta shiga tsakani. Sai Kaka ta zauna a kan tabarmar nan da kowa ke gudu, kafaɗa da kafaɗa.

Ta ce, "Ranar da aka fara nuna wasan nan, daga nan na jiwo dariyar ɗana. Tun yana yaro ban ji ya yi irinta ba."

Ba a kore ta ba. Amma da ta fita takaba ita da kanta ta koma Dodoru. Motar talabijin ta je nemanta, ta aika a ce ba ta nan. Ta yi tsawon rai, tana sayar da daddawa, jikokin 'yan'uwanta ba su ma san ta taɓa ba wani dariya ba. Da aka zo rabon gado na gaskiya, babu wanda ya miƙa hannu ga shuɗiyar rigar. Ko sadaka aka ƙi karɓa. Uwata ta ajiye ta, kuma ranar da aka kawo ni Kalgo na tarar an naɗe mini tangaran da ita a ƙasan adaka, wai don kada su fashe.

A ƙasan hoton nan na waya an yi rubutu. Na bi shi a hankali da ɗan karatuna na yaƙi da jahilci. An ce tana cikin waɗanda suka buɗe wa mata ƙofa, sai dai ba a san dalilin da ya sa ta ɓace ba. Ɗiyata tana tsaye ta karkatar da wuya tana jiran amsa. Na ce ta bari sai da safe.

Na je Islamiyya, na san abin da liman ya faɗa gaskiya ne, kuma na yi imani da shi. Na ga yadda aka rufe bakin mace guda, ba na son ni in zama mai rufe na biyu. Yanzu yara mata suna riƙe da akwatin a tafin hannunsu, ba sa jiran motar kowa. Duk na san wannan. Amma da maigida ya shigo, tarin ya riga sallama.

Da gari ya waye na buɗe adaka, na fitar da tangaran ɗaya bayan ɗaya, na warware shuɗiyar rigar. Tana warin ajiya, facin yana nan. Na kakkaɓe ta na miƙa wa ɗiyata.

Ta juya ta ta ce, "Mama, wannan ta wa ce? Har da ƙuna."

Na ce, "Ta mijin wadda kike kwaikwayo ce. Ku ja ta yadda kuke so, mai ita ya riga ya tafi."

Ta buɗe baki za ta yi tambaya, na ce idan sun gama ta zo in ba ta labari. Sannan na shiga ɗakin babanta na ɗauko babbar rigarsa. Ba ta da datti ko kaɗan. Na tsoma ta a ruwa har ta jiƙe sharkaf, na shanya ta a igiyar tsakar gida, ƙarƙashin hadarin da ya sake haɗowa.