Rigar Mai Lamba Sha Tara

"Ƙungiya ba gadon ubanka ba ce! A yi zaɓe!"

Tela ya ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki. Bangon da ya raba shagonsa da ofishin ƙungiyar 'yan dako na katako ne, ko tari aka yi sai ya ji. Muryar kuwa ya san ta tun tana kukan yaye, ta ƙanensa ce, Dogo.

Shugaba bai ɗaga murya ba. Dariya ya yi, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Dogo. Je ka sha ruwa."

Dariyar ce ta tsorata Tela.

Tun yana da baƙin gashi shi ke ɗinka wa ƙungiyar riguna masu launin ruwan lemo, kowace da lamba a baya. Da aikin nan ya yi aure, da shi ya rufa ɗaki. Dokar ƙungiya ce, lamba ɗaya mutum ɗaya, ba a bai wa wani sai mai ita ya mutu. Shi kaɗai ya lura cewa tun da wannan Shugaban ya hau, wani lokaci akan aiko a ɗinka lambar da mai ita ke tsakar kasuwa da buhu a ka. Ba a daɗewa sai a ji lodi ya rufto wa mai lambar, ko mota ta ja da baya ta take shi ba a ankara ba. Tela yakan je gaisuwa, ya yi kuka na gaske, ya dawo ya hau keke. Yakan ce wa kansa shi da allura kawai ya sani. Bai taɓa yarda cewa gudun kada a kai aikin wani shago ne ya ɗinke masa baki ba.

Da hantsi Mai Tabo, ɗan koren Shugaba, ya leƙo yana sakace.

"Baba Tela, riga ɗaya. Gajeren mutum ne, kar ka ɓata yadi."

"Wace lamba?"

"Sha tara."

Sha tara ke bayan Dogo. Mai Tabo ya tsaya yana kallon hannuwan Tela.

"Ko akwai magana ne, Baba?"

"Babu."

Ya yanka, ya ɗinka, har da guga, kuma ko kuskure ɗaya bai yi ba. Wannan ya fi komai ba shi tsoro. Da ya ƙi, da sun gane ya daɗe da sani. Haka dai ya gaya wa kansa.

Mai Tabo na fita da rigar, Tela ya rufe shago, ya bi ta lungu. Ya tarar da Dogo a ƙofar gida yana wanke ƙafa, rigarsa na rataye a ƙusa.

"Yaya, lafiya? Kai da ko gobara ba ta tashe ka daga keke? Shigo mana."

Tela bai shiga ba.

"Ɗauki matarka ku hau motar farko, kar ka yi wa kowa sallama," ya ce. "Lambarka tana bayan wani. Ni na ɗinka masa."