Daktan Cinnaka

Shekara ashirin da shida ya yi yana kula da lambun wani kamfanin inshora, da tiyo da almakashi da koriyar rigar aiki da ta koɗe a kafaɗa. Direbobin kamfanin ne suka laƙaba masa Dakta, ranar da suka same shi durƙushe a gindin shingen furanni yana lasar ganye kamar akuya. Ya ɗago ya yi musu bayani da gaske, cewa a bayan kowane ganye akwai wani ɗan ƙurji da ke tsatso ruwa mai zaƙi, shi ne cinnaku suke hawa sha. Suka yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, ya karɓi sunan hannu biyu.

Aji huɗu ya yi a firamare, amma yana da naci. Yakan sami murfin kwalba biyu, ya zuba ruwan sukari a ɗaya, ya marmasa busasshen kifi a ɗayan, ya ajiye a gindin shinge. Sai ya ajiye wasu biyun a jikin katangar wurin ajiye motoci, inda ko ciyawa babu. Cinnakun katanga kan sukari suke faɗawa, wasu har su nutse. Na shinge ko kallon sukarin ba sa yi, kifin suke yi wa rubdugu. Daga nan ya gane cewa cinnakan da ya ƙoshi da zaƙi nama yake nema, kuma naman da ya fi kusa da shi ita ce tsutsar da ke cin ganyen. Wato itacen yana ba su abin sha, su kuma suna yi masa gadi.

Sau ɗaya ya isa a gane wannan, amma Dakta ya yi ta maimaitawa shekara da shekaru, da sukarin gwangwanin matarsa. Ita kuwa takan ce ya san abin da cinnaka ke marmari, amma bai san ajin da autarsa take ba. Ba ƙarya ta yi ba. Ya taɓa zuwa ɗauko yarinyar a makaranta, ya tsaya a ƙofar ajin da ta bari shekara biyu da suka wuce.

Ana nan aka kawo sabon manaja, mai son kwat da turare. Wata safiya yana waya ya jingina da shingen, cinnaku suka bi ƙafar wando suka hau. Abin da ya yi a gaban sakatarori da masu gadi ba a kira shi rawa ba, don kowa na son aikinsa. Da ya dawo hayyacinsa ya sa aka kira mai lambu, ya ce a fesa magani a kashe su duka.

Dakta ya cire hula ya fara bayanin ƙurji da zaƙi da tsutsa. Manaja ya katse shi.

"Baba, ina ka tsaya a karatu?"

"Aji huɗu, yallaɓai."

"To ni digiri biyu gare ni. Je ka fesa."

Da hannunsa ya yi feshin, kwana uku a jere, kuma a kwanakin nan abincin kirki bai shiga cikinsa ba. Bayan mako shida tsutsa ta sauka. Ganyen ya koma kamar rariya, furen ya zube, shingen da baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto a gabansa ya zama tsirarun karare. Sai ga takardar tuhuma daga ofishin manaja, wai mai lambu ya yi sakaci da aikinsa. Masinja ne ya karanta masa, yana yi yana kawar da kai.

Daga baya kamfanin ya ɗauko ƙwararre daga wani wurin masu harkar lambu. Mutumin ya yini har azahar yana bin Dakta yana tambaya yana rubutawa, Dakta kuwa ya samu mai saurare, ya zazzage masa komai, har murafan kwalbar ya nuna masa. Da yamma aka taru a ɗakin taro mai sanyi. Ƙwararren ya haska hotuna a bango, ya faɗa da Turanci cewa a daina feshi, a bar cinnaku su dawo. Manaja ya fi kowa gyaɗa kai, aka yi tafi, aka raba lemo. An kira Dakta ɗakin, amma don ya kwashe kujeru.

Wani zai yi fushi. Shi da murna ya koma gida, ya shaida wa matarsa cewa yau an tabbatar da maganarsa da Turanci. Ta tambaye shi ko an janye takardar tuhumar. Ba a janye ba, tana nan cikin fayil ɗinsa, kuma a nan ta zauna har ya yi ritaya aka sallame shi da agogon bango.

Yanzu dashen furanni yake sayarwa a bakin titi, kusa da wani gidan mai. Hannunsa na da kyau, komai ya dasa sai ya kama, amma ciniki ya gagare shi. Wata mata ta taɓa tsayawa da mota ta zaɓi tukunya uku, ta ga cinnaku a jiki, ta ce ya kakkaɓe mata su. Ya karɓe tukwanen ya mayar wurinsu, ya ce ba zai sayar mata ba, don kashe su za ta yi. Ta tsallaka wurin maƙwabcinsa ta sayi biyar.

Tun daga ranar matarsa ta ɗauko kujera ta dawo wurin da zama. Da ta ga mota ta rage gudu sai ta ce, "Malam, ruwa ya ƙare a duro," ta miƙa masa bokiti. Ya san duron cike yake, amma yakan karɓa ya tafi famfon gidan man, ya tsaya hira da masu gyaran taya har sai ya ji motar ta tashi.